Neman shawara: Hajiyarmu ba ta barci sai da D5

Assalamu alaikum 'yan'uwa, a ɓoye sunana. Wata tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, tun daga nan barci ya ƙaurace wa Hajiyarmu. Wani mai kemis a unguwarmu ya fara ba ta diazepam, wanda ake kira D5. A da ƙwaya ɗaya ke kwantar da ita, yanzu sai biyu. Shekarunta 68. Makon jiya ta faɗi a banɗaki da asuba, ga mantuwa ta yi mata yawa. Yaya ya ce in kwashe maganin in zubar. In zubar?

Wata nas: Wa'alaikumus salam. Don Allah kada ki zubar! Aikin maganin shi ne ƙara wa GABA ƙarfi, sinadarin da ke lafar da ƙwaƙwalwa. Wata tara ana sha, ai jiki ya riga ya saba. Aka yanke rana ɗaya sai karkarwa, gumi, fargaba, wani har farfaɗiya. Likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, yana iya cin watanni. Faɗuwar ma ba ta ba ni mamaki ba. Diazepam yana kwanaki a jikin tsoho, na jiya bai fita ba an ɗora na yau. Da ma mako 2 zuwa 4 ne ƙa'idarsa, ban san abin da masu kemis ɗin nan ke tunani ba.

Wani ɗan'uwa: A canza mata zuwa Lexotan mana.

Nas ɗin: Malam, ai ɗanjuma ne da ɗanjummai. Lexotan bromazepam ne, danginsu ɗaya. 'Yar'uwa, ki duba jakar magungunanta. In akwai tramadol ko codeine, haɗa su da D5 yana danne numfashi, a nan ake rasa mutum cikin barci.

Wata uwa: Allah ya jiƙan Alhaji. Ni dai ina ganin kewa ce ke damun baiwar Allahn nan. Wani ya riƙa kwana a ɗakinta, a hana ta goro da shayi bayan la'asar. In kuna Kano ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ku ajiye kunyar wai asibitin mahaukata.

Mai tambaya: Innalillahi. Yanzu na duba, akwai tramadol da take sha saboda gwiwa. Na kira Yaya, gobe da sassafe za mu kai ta da jakar gaba ɗaya.