Wane littafi zan karanta in gane abin da ke cinye kuɗina?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 6 ina rubuta shiga da fitar kaya a wani sito na kayan gini, albashina riyal 2,200. Duk wata ina canza rabi in tura asusuna na Kano. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, abin da na tara don sayen fili ya narke ina kallo. Mahaifiyata ta ce in dawo, maiɗakina ta ce in daure, ƙanena yana so in shiga adashinsu, ga shi a wurin aiki an fara raɗe-raɗin rage mutane. Na gaji da jin bayani a bakin 'yan canji. Ku ba ni sunan littafin da zai fahimtar da ni. Larabci nake karantawa, Turancina kaɗan ne.

Kawu, Makka: Wa alaikumus salam ɗana. Ka nemi Igasatul Umma bi Kashfil Gumma na Maƙrizi, wanda ya rubuta a 1405 kan tsadar da ta afka wa Masar. Ƙarami ne, mako guda ya ishe ka. Dalilai uku ya kawo: sayen muƙami da cin hanci, tashin kuɗin hayar gonaki, da yawaitar fulus na tagulla har suka kori dinari da dirhami daga kasuwa. Wurin fulus ɗin ka maimaita sau biyu. In kuɗi suka yawaita kaya bai ƙaru ba, mai albashi ne farkon shan wuya, ɗan kasuwa kuwa ƙara farashi kawai zai yi. Daga nan sai Muƙaddimar Ibnu Haldun, babi na biyar, na sana'o'i da neman abinci. Kada ka faro ta daga farko, za ka ajiye.

Akanta, Riyad: Allah ya ƙara girma Kawu, amma Maƙrizi bai ga bankin zamani ba. Manias, Panics, and Crashes na Kindleberger, bugun farko 1978, shi ya nuna yadda bashi ke hura farashi, kowa ya ruga saye, sannan a firgita a zubar lokaci guda. Haka aka gani a kasuwar hannun jarin Saudiyya: a Fabrairun 2006 ma'auninta ya haura 20,000, kafin ƙarshen shekara ya sauko ƙasa da 8,000, waɗanda suka ci bashi suka saya su suka fi jin jiki. Kuma tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce. Wanda ya ajiye riyal, dala ya ajiye.

Hajiya, Madina: Yaro na maganar kora kuna ɗora masa tarihi? Ɗana, buɗe Nizamul Amal, wato dokar ƙwadago ta Saudiyya, mada (sashe) ta 84 da 85. Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken wata a kowace shekara bayansu. Naka 5,500 da 2,200, wato 7,700. In kai ka ajiye aikin da kanka yanzu, kashi biyu cikin uku kawai za ka samu. Duba kwantiraginka a Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ka ga ko albashin da aka rubuta shi ne wanda kake karɓa. Abin da ke ƙona min rai, yaranmu sai su sa hannu a takardar "na karɓi haƙƙina" kuɗin bai shiga ba, daga baya a zo ana kuka.

Kawu, Makka: Hajiya, 7,700 ɗin ma in ya mayar da su naira ya ajiye, haka za su narke. Shi ya sa na ce Maƙrizi tukuna. Littafin Turanci mai kauri kuwa, mutumin da ke tashi aiki bayan isha ba zai wuce shafi 30 ba.

Mai tambaya, Jidda: Na gode ƙwarai. Amma ba wauta ta sa nake turawa ba. Baƙo bai san ranar da za a ce ya fita ba, kuma in mahaifiyata ta kwanta asibiti, naira za a nema a daren, ba riyal ba. Adashin ma 'yan uwa ne, ba zan iya ce musu a'a ba.

Akanta, Riyad: Ka bar na wata uku a naira saboda lalura, sauran ya zauna a riyal.

Kawu, Makka: Fili zai saya, ko rabin fuloti ne. Takarda takarda ce.

Mai tambaya, Jidda: To shi na Kindleberger ɗin, akwai fassararsa da Larabci?