Neman shawara: ina karanta ilimin tsirrai, in ɗauki kwas ɗin zane a sashen da ba nawa ba?

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aji biyu a jami'a, sashen ilimin tsirrai. A wannan zangon an bar mana yunit biyu mu cike da kwas daga kowane sashe, kuma na ga sashen zane-zane yana karɓar ɗaliban waje a kwas ɗin koyon zane na situdiyo, wato ɗakin da ake aikin zane da hannu. Tun ina firamare nake son zane, amma ban taɓa koyo wajen malami ba. Ƙawayena duk sun ɗauki wani kwas da suka ce haddace takarda ne kawai a ci A. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina, 4.38 ne, ina hangen 4.50, ba na son abin da zai ja ni baya. Sannan Abbanmu ba ya son maganar zanen mutane ko kaɗan. Masu sani ku ba ni shawara kafin a rufe rajista.

Wani da ya gama sashen zane:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar "yunit biyu" ya ruɗe ki. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, yunit ɗaya na lakca awa ɗaya ne a mako, amma yunit ɗaya na firatikal ko situdiyo awa uku ne. Kenan ƙawayenki za su zauna awa biyu su tashi, ke kuwa za ki iya tsayuwa gaban allo awa shida, ban da aikin gida. Ɗauko jadawalinki ki duba inda laf ɗinku, wato firatikal na ɗakin gwaji, yake faɗowa. In situdiyo ya haɗu da firatikal ɗin sashenku ko da rana ɗaya ce a mako, ki haƙura, domin halarta na cikin maki, kuma yawancin makarantu sai da kashi 75 cikin 100 na halarta ake barin mutum ya shiga jarrabawa.

Na biyu, wannan kwas ba a yi masa karatun dare ɗaya. Malami zai tara ayyukanki tun daga makon farko ya shimfiɗa su a ƙasa ya duba. Wanda ya yi zane goma sha biyu a daren jiya, da gani an gane, hannun iri ɗaya ne, gajiyar ma iri ɗaya.

Game da rashin iyawa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Makonnin farko layi za a sa ki ja, sai akwati, sai kwalba da ƙwarya da tulu a kan tebur da aka lulluɓe da ƙyalle. Za a koya miki miƙe hannu ki rufe ido ɗaya ki auna tsayin tulun da fensir, ki ga faɗinsa sau nawa ya shiga tsayinsa. Ɗaliban waje sukan fi saurin kama wannan fiye da waɗanda suka zo da taƙamar sun iya zanen katun, don su ba su da wata tsohuwar al'ada da za a kankare.

Wata 'yar aji huɗu, lissafi:

Ni dai ban goyi baya ba. Maki a zane ra'ayin malami ne. A lissafi in amsa ta fito ta fito, amma a can za ki zuba ƙoƙarinki a ce "bai yi rai ba" a ba ki C. Mai neman 4.50 ba ta caca. Ki kammala digirinki, zane ba ya guduwa, ga YouTube nan.

Wani malamin makaranta:

'Yar'uwa mai lissafi, bari mu yi lissafin. A ƙaddara ta gama yunit 60 zuwa yanzu da 4.38, makinta wajen 263 ke nan. Ta ƙara yunit biyu: in ta ci A, mai maki 5 a kowane yunit, ya zama 273 a kan 62, wato 4.40. In ta ci C, mai maki 3, ya zama 269 a kan 62, wato 4.34. Tazarar ba ta kai yadda ake tsorata ta ba. Abin tsoron na gaskiya shi ne awa shidan nan su cinye lokacin kwas mai yunit uku na sashenta. Nan ne za ta iya yin asara.

Wata malamar asibiti:

Ƙanwata, ni ta wajen karatunki zan duba. Ba ku zana yankakken ganye da saiwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba? Ba ana rage muku maki in kun yi layi mai gashi-gashi ko kun ɓata ma'auni ba? To abin da situdiyo zai gyara miki ke nan. Mai zane ba ya barin idonsa ya yi masa ƙarya. Kafin ki zana ganyen dalbejiya sai kin ƙirga 'ya'yan ganyen, kin lura yadda gefensu yake da haƙora da yadda kowanne ya ɗan karkace. Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifaniyan da ya samu kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma har gobe zanen nasa na cikin littattafan likitanci. Da ma tun yana yaro mai zane ya so zama, mahaifinsa ya tura shi likitanci.

Wani dattijo a gidan:

'Yata, maganar mahaifinki ita ce gaba da duk wannan lissafin. Kar ki yi rajista a ɓoye. Hadisan da suka yi gargaɗi kan surantar da mai rai sanannu ne, kuma malamai sun yi bayani mai yawa a kan iyakarsu, wannan ki kai wa malaminku. Amma a cikin Bukhari da Muslim akwai inda wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke kuma itatuwan ne ma karatunki. Je ki sami malamin kwas ɗin ki tambaye shi ƙarara ko akwai zanen mutum a ciki, mako nawa ne, kuma ko zai yarda ki musanya da wani aiki. Abin da ya faɗa miki shi za ki kai wa Abbanku.

Wata da ta karanta zayyanar masana'antu a Zariya:

In zanen mutum ya zama tilas a kwas ɗin, ki duba ko suna da na tukwane ko na rini da saƙa. Mutane na mantawa waɗannan ma situdiyo ne. A Samaru sashen zane ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta: tun zamanin tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, jami'ar kuwa sai 1962. Kuma wannan jami'ar ce ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, matar da ke bayan naira ashirin, wadda tukunya ta koya wajen gwaggonta. Sai dai in gaya miki gaskiya, yumɓu ya fi fensir cin lokaci. Sai kin jira ya sha iska, ki jira ranar gashi, wani lokacin ki buɗe murhu ki tarar abinki ya tsage. Ga mai laf a wuya, zane ya fi sauƙi.

Kayan aiki kuma kar ki saya sai an ba ku jeri. Fensir HB da 2B da 6B, magogi mai laushi, takardar zane da allon katako sun isa farawa. Gawayi ma muna yi da kanmu: ƙananan rassa a cikin gwangwanin madara mai ɗan huji a murfi, a jefa cikin garwashi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba jadawali, situdiyo Talata da Alhamis da yamma ne, laf ɗinmu Litinin da Laraba, ba su haɗu ba. Na sami malamin, ya ce zanen mutum mako biyu ne a ƙarshe, kuma ɗaliban waje za su iya kawo nazarin tsirrai a madadinsa. Daren nan zan kira Abba. Yaya mai zane, ayyukan da ka ce malami zai tara, wane girman takarda zan nema?

Wanda ya gama sashen zane:

A2, amma ki sayi ƙaramin littafi A4 na yawo a jaka. Ki rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, har waɗanda suka lalace, kar ki yaga ko ɗaya, malamin zai nemi ganinsu.