Wace kalma za mu sa wa "exception" a darasin Python?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya darasin Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da Hausa don masu farawa, an iso babin `try` da `except`, sai kalmar exception ta tsaya mana a wuya. An riga an ba error kuskure. In aka ce wa wannan ma kuskure, ɗalibi ba zai ga bambanci ba. An kawo togaciya, an kawo keɓewa. Masana, me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, a fara rarrabe abubuwan tukuna, domin iri uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai kuskuren rubutu: ka manta ruwa biyu a ƙarshen layin `if`, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba. Python za ta ce `SyntaxError`, ko layi ɗaya na fayil ɗin ba za ta gudanar ba. Akwai kuma wanda rubutu lafiya lau, manhaja ta kama aiki, sai ta iso wani layi ta kasa wucewa. `int("goma")` zai ba ka `ValueError`. `100 / 0` zai ba ka `ZeroDivisionError`. Jeri mai abu uku ka nemi `jeri[3]`, sai `IndexError`, saboda ƙirga daga 0 take farawa, na ƙarshe shi ne 2. Na uku shi ne mugun: manhaja ba ta ce uffan ba, amma amsar ba daidai ba ce, ka sa alamar tarawa inda ya kamata ka ɗebe.

Na tsakiyan nan ne ake nema wa suna. Togaciya fassarar ƙamus ce, ta dace da doka ko nahawu, inda ake cewa kowa ban da wane. Ɗalibin da allonsa ya cika da jan rubutu ba zai gane abin da aka toge ba.

Malamar Kwamfuta: Ni tangarɗa zan ce. Kowa ya saba jin "tangarɗar na'ura" a labarai, kuma ma'anar ta zauna daram: abu yana cikin tafiya, ya sarƙe, ana iya warware shi a ci gaba. Abin da ya fi muhimmanci, tangarɗa ba ta ɗora wa kowa laifi. Kuskure kuwa sai da mai yin sa. In manhaja ta nemi fayil an riga an goge shi ta ba da `FileNotFoundError`, ko intanet ta yanke ana tsakiyar sauke abu, wa ya yi kuskure?

Ga wadda ta shafe mu kai tsaye. A Windows, in ka buɗe fayil da `open("suna.txt", "w")` ka rubuta kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, sau da yawa za ka ga `UnicodeEncodeError`, domin tsarin haruffan da ta ɗauka da kanta, cp1252, babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Maganin shi ne `encoding="utf-8"` a cikin `open`, wajen rubutawa da wajen karantawa duka.

Mai Manhaja daga Damagaram: Malama, tangarɗa ta shiga kunne, mu ma nan muna faɗinta. Amma ba ta yi sauƙi da yawa ba? Ji nake kamar ƙaramin abu. Cikas fa?

Malamar Kwamfuta: Cikas tun daga waje yake tare hanya, kuma ba a cewa "an samu cikas iri kaza a layi na 12". Batun ƙanƙanta kuwa, girman tangarɗa ya danganta da ko an tare ta. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou, ba ta yi minti ɗaya a sama ba ta tarwatse. Manhajar da ke auna tafiyarta ta yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767. Lambar ta fi ƙarfin gurbin, ba a tanadi abin da zai tare ba, kwamfutar ta tsaya. Ta ko-ta-kwana ma manhaja iri ɗaya ce a cikinta, ita ma haka ta tsaya.

Injiniya: Na yarda da tangarɗa, da sharaɗin a gaya wa ɗalibai cewa ba duka ne matsala ba. In mutum ya danna Ctrl da C don tsayar da manhaja, `KeyboardInterrupt` ce ke tashi. `sys.exit()` ma `SystemExit` take tayarwa. Shi ya sa `except:` tsirara, babu suna a gabanta, take da haɗari: har waɗannan take haɗiyewa, in tana cikin `while True` sai ka yi ta danna Ctrl da C manhaja ta ƙi tsayawa. Wadda ta fi muni ita ce `except: pass`. Kamar direba ne fitilar mai ta kama, ya sa salatef ya liƙe ta. A ambaci sunan tangarɗar da ake tsammani, sauran a bar su su fito a gan su.

Mai Fassara: To an tsaya a kan tangarɗa. Saura aikatau. Python na cewa raise, Java na cewa throw da catch.

Mai Manhaja daga Damagaram: A littattafan Faransanci lever ake sa wa, wato ɗagawa. Amma "ɗaga tangarɗa" a Hausa sai a ji kamar an ɗage ta zuwa gobe. Tayar da ita ya fi, yadda ake tayar da ƙura. Ɗaya gefen kuma tarewa. Cafkewa na ɓarawo ne.

Malamar Kwamfuta: Madalla. Ga misalin da zai haɗa su, raba naira 9,000 tsakanin mutane:

```
try:
    mutane = int(input("Mutum nawa? "))
    if mutane < 0:
        raise ValueError("adadi ƙasa da sifili")
    rabo = 9000 / mutane
except ValueError:
    print("Rubuta lamba sosai, kamar 3")
except ZeroDivisionError:
    print("Ba a rabawa da sifili")
else:
    print("Kowa zai samu", rabo)
```

In an rubuta "uku" da haruffa, `except` ta farko ta tare. In an sa 0, ta biyu. A lura da layin `raise`: ba don shi ba, wanda ya rubuta -3 zai ga kowa ya samu -3000.0, Python ba za ta ce komai ba, domin a lissafi babu laifi. Mu ne muka san ba a yin mutum ƙasa da sifili, mu za mu tayar da tangarɗar da kanmu. `else` kuma sai in `try` ta wuce lami lafiya take aiki. Kada a zuba layi talatin cikin `try` ɗaya, in ba haka ba `ValueError` daga wani wuri daban za ta faɗo hannun `except` ɗin, a ba mutum saƙon da bai shafi matsalarsa ba.

Injiniya: Malam, ka ƙara ɗaya a jerinka: dogon rubutun da ke fitowa in ba a tare ba, mai farawa da `Traceback`. Sawu ya dace da shi, tun da hanyar da manhaja ta bi yake nunawa. A koya musu karanta shi daga ƙasa: layin ƙarshe sunan tangarɗar da bayaninta, na samansa fayil da lambar layin da ta auku. Masu farawa daga sama suke somawa, su rikice tun kafin su iso inda amsar take.

Mai Fassara: Na rubuta sawu. `finally` fa, a ce "daga ƙarshe"?

Malamar Kwamfuta: A'a Malam, "ko ta halin ƙaƙa" ya fi kama ma'anar. An samu tangarɗa ko ba a samu ba, an tare ko ba a tare ba, ko da akwai `return` a cikin `try`, sai abin da ke ƙarƙashin `finally` ya gudana. Nan ake rufe fayil ko a saki haɗin rumbun bayanai. Ga fayil dai `with open(...)` ta ɗauke wannan nauyin, da kanta take rufewa, don haka a fara koya musu ita kafin `finally`.