Gara Ta Karanta Rahoton Odita

Tsohon Odita:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ba" ne. Wanda ya karya shi, tararsa baiti biyu.

Na yi furfura ina bin takarda,
Bauca da rasit, ina neman shaida,
An biya kuɗin kwalbati da gada,
Na je wurin, ko bulo ban gani ba.

Na ɗau jan biro, kweri na rubuta,
Ma'aji ya ce fayil ɗin ya ɓata,
Ciyaman na taro, sai sabon wata,
Har na bar aiki watan bai tsaya ba.

Rahoto ya fita da bango kore,
Aka kai shi majalisa a ɗaure,
Yana can a kabad, da igiyarsa tare,
Gara ta karanta, su ba su duba ba.

Tsohon Kansila:
Malam, a yi mana adalci.

Malam Odita, ka faɗi rabin zance,
Sauran rabin ga shi nan a taƙaice,
Kasafin kuɗi kan zo mana a rubuce,
A ce mu sa hannu tun ba mu buɗe ba.

Wanda zan tuhuma, alawus na hannunsa,
Motar da ta kawo ni zama ma tasa,
In na ɗaga murya ya tsuke jakarsa,
Mai roƙo bai taɓa zare ido ba.

Shi ma ciyaman, kar ku ga girman hula,
Asusun haɗaka ne tushen matsala,
Jiha ta cire nata, ta raba kwangila,
Ya sa hannu kan kuɗin da bai taɓa ba.

Ɗalibar Lauya:
Baba Kansila, da girmamawa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne ya kafa asusun haɗakar jiha da ƙananan hukumomi da kake kuka da shi. Amma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma sai ga zaɓaɓɓu. Kason nan kashi 20.6 ne cikin ɗari na asusun tarayya, ba kuɗin wasa ba ne.

Baba, uzurin nan kotu ta rage shi,
Ta ce kuɗin jama'a a kai wa mai shi,
Kantoman riƙo kuwa doka ta ƙi shi,
Sashe na 7 bai san da zamansa ba.

To amma in kuɗin sun iso ƙofa,
Wa zai tsaya musu da ido da ƙafa?
In babu mai tambaya, rijiya aka jefa,
An sake tulu, ba a toshe hujin ba.

Majalisar jiha na da sanda a hannu,
Sashe na 128, ta bi sawun shanu,
Na 129, sammaci babu sannu-sannu,
Sandar na nan, ba a dai ɗaga ta ba.

Gwaggo Mai Tambaya:
Ni ƙwar biyu na iya, ku yi haƙuri da tsohuwa.

'Yata, ni sashe ban haddace shi ba,
Abin da ido ya gani ba zan ɓoye ba.

An kafa allo, wai an haƙa burtsatse,
Allon ya yi tsatsa, ruwa bai zo ba.

Ɗakin shan magani cike da ma'aikata a takarda,
Na kai jikata, ban tarar da ko ɗaya ba.

Albashi kuwa na fita ƙarshen wata,
Fatalwa ma ba ta yafe nata ba.

Malam Odita, kai da ka ga duk wannan,
Don me ka rubuta, ba ka yi shela ba?

Tsohon Odita:
Gwaggo, kin taɓa ni inda ke ciwo,
Aikina in gani, in rubuta, in kawo,
Kwamitin asusu ne ke sa a dawo
Da abin da aka ci, ni ba a ba ni ankwa ba.

Man motar da zan hau in je bincike,
A teburin wanda zan bincika yake,
Na sha isa in tarar rasit an sake,
Tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

Shelar kuwa, na yi shiru, na yarda,
Ina ga iyakata gefen takarda,
Ina lissafin fansho da yaran gida,
Wannan kam ban wanke kaina ba.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka, Malam, ba kowa ke faɗin haka ba. Ƙarin bayani kaɗan: majalisar Ingila ta kafa kwamitin binciken asusun gwamnati a 1861, da shawarar Gladstone, ministan kuɗinsu na lokacin, kuma al'adarsu ɗan adawa ke shugabantarsa. A 1977 hukumomin binciken kuɗi na duniya suka taru a Lima, babban birnin Peru, suka rubuta cewa mai bincike ya zama ba ya ƙarƙashin wanda yake bincika, har ta wajen kuɗin aikinsa. Zancen man motar nan ke nan.

Can ɗan adawa ke jan kwamiti,
Shi ba ya jin kunyar buɗe akwati,
Mu jam'iyya guda kan share kujeru a minti,
Wa zai tuhumi wa? Ba a bar baƙo ba.

Tsohon Kansila:
Kun taru a kaina, to na ji, na ɗauka,
Na sa hannu sau da yawa kan abin shakka,
Amma ku da kuka zaɓe ni, ku tuna dukka,
Kuɗin suna kuke tambayata, ba kasafi.

Tsohon Odita:
Alhaji, maganarka ta shiga, amma ka karya amsa-amo. Tara.

Ɗalibar Lauya:
Kafin Baba ya biya: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi takarda a rubuce.

Gwaggo, wasiƙa ce, layi biyar ta isa,
Rahoton odita na bara, a ba mu kwafinsa,
A buga mana hatimi ranar karɓarsa,
Kar gobe a ce wasiƙar ba ta zo ba.

Gwaggo Mai Tambaya:
Rubuta, 'yata, ni zan dangwala yatsa,
Ƙafata ba ta gaji da zarya ba.

Tsohon Kansila:
Ga tarata.

Gwaggo, in kin je, kar ki tsaya a baranda,
Masinja zai ce oga na Abuja, kar ki yarda,
Ki nemi akawun majalisa, shi ke da takarda,
Ki zauna, ki ce yau ba ki da sauri, ba ki gaji ba.

Kabad na ƙarfe, na bayan ƙofa,
Wanda aka tokare da bulo a ƙafa,
Makullin na wurinsa, cikin aljihun tufa,
In ya ce ya ɓata, ki ce ni ban ji haka ba.