Jinin Hajiyarmu ya ƙi tashi, likita ya ce sai noradrenaline

Ummu Khalil: Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka. Hajiyarmu tana kwance a wani asibitin kuɗi, ciwon mafitsara ne ya shiga jininta. Awon jinin ya faɗi zuwa 75/40, an ƙara mata ruwa leda uku bai tashi ba, fitsari ma ya ɗauke. Likita ya ce ko a fara mata noradrenaline, maganin ɗaga awon jini, yanzu ta jijiyar hannu, ko mu nemi gado a ICU (ɗakin kulawa ta musamman) na wani asibiti inda za a sa ta jijiyar wuya. Yayanmu ya ce a ɗauke ta, ni kuwa hanyar nake tsoro.

Baban Sadik: Allah ya ba ta lafiya. Ku nemi masu ba da jini tun yanzu, kuma a dama mata gishiri da sukari.

Sista Fagge: Baban Sadik, ba ƙarancin jini ba ne. Ƙwayar cutar ce ta sa jijiyoyi suka saki, noradrenaline ita ke matse su don jini ya isa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ana so matsakaicin awon ya kai 65, nata bai kai ba. Kada a ɗura mata komai ta baki. Ummu, ƙa'idar likitoci ta 2021 kan irin wannan ciwo ta yarda a fara maganin ta babbar jijiyar gwiwar hannu na ɗan lokaci maimakon jira. A fara, ana neman gado.

Ɗan Kurna: Kada ki yarda! Haka aka yi wa mahaifinmu. A bayan tafin hannu suka sa masa, allurar ta goce cikin dare, ruwan ya riƙa zuba a nama. Ina gaya wa nas wurin ya yi fari ya yi sanyi, ta ce in bar su su yi aikinsu. Da safe ya yi baƙi. Aka ce akwai allurar da ke warware shi, muka zaga Kano har kasuwar magani ta Dangwauro ba mu samu ba. Baba ya tashi daga ciwon, amma yatsu biyu sai da aka cire, kuma mutumin nan tela ne. Har ya rasu bai ƙara taka keke ba.

Sista Fagge: Allah ya jiƙansa. Allurar da kuka nema phentolamine ce, tana wuyar samu. Amma laifin na ƙaramar jijiya ne da rashin dubawa. Ya kamata a riƙa duba wurin a kai a kai.

Ɗan Kurna: Ku dai kullum bakinku ɗaya. Wanda ya kwana a kan tabarma a barandar asibiti ya fi ku sanin abin da ke faruwa da dare.

Mai Kemis: Dopamine ma tana ɗaga jini, kuma ta fi araha, ita muka sani tun da. Noradrenaline kwalba ɗaya 4,000.

Maman Ilham: Ina? 9,500 muka saya watan jiya, kuma ba ɗaya ake buƙata ba.

Sista Fagge: Dopamine ta fi rikita bugun zuciya, balle ga tsohuwa. Sayar da magani daban, jinya daban.

Mai Kemis: Kafin ki shiga makarantar nas nake wannan sana'a, 'yar'uwa.

Sarkin Zolaya: A raɗa mata farashin buhun shinkafa a Singa, jini zai hau da kansa.

Maman Ilham: Haba Malam, uwa ce fa a kwance. Ummu, ki tambaya ko injin da ke auna maganin yana da batir. Namu ana ɗauke wuta ya tsaya, jinin mijina ya sake faɗuwa kafin a tayar da janareta.

Baban Sadik: Kuma su rubuto miki kuɗin dizal a takarda! Mu har sola suka ce suna da ita.

Ummu Khalil: An fara mata ta hannu. Yaya ya tafi asibitin Malam Aminu Kano tambayar gado. Wa ya san nawa ake ajiyewa kafin a karɓi mutum?

Ɗan Kurna: Kuɗin dizal ai mu sau biyu aka caje mu a kwana ɗaya.