Mun kwashe sharar kwarin unguwarmu, ruwa ɗaya ya mayar da ita. Ina muka kuskure?

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa irin wannan aiki a nan Gombe.

Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, ranar tsaftar muhalli, mu 18 matasan layinmu muka yi gayya muka shiga kwarin da ya ratsa bayan gidajenmu. Tun bayan asuba har rana ta take muna fama da shebur da manjagara da baro biyu na aro. Ledar fiya wata, gorar lemo, kunzugun yara, tsummokara, har da wata tsohuwar katifa da ta toshe bakin kwalbati. Muka tara tsibi huɗu a bakin gaɓa, muka ɗauki hoto, kowa ya tafi wanka.

Daren Talata aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na leƙa, ko tsibi ɗaya babu. Kwalbatin ya sake cushewa, ruwa ya shiga gidan wata dattijuwa har ɗaka. Yanzu a majalisa dariya ake mana, wai mun yi aikin baban giwa, yaran ma sun ce ba za su sake fitowa ba. Yaya ake yi ne?

Tsohon Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, ɗana. Amma gaskiya ɗaya ce: ba ku kwashe shara ba, matsar da ita kuka yi taku biyar.

Ba a sa ranar gayya sai an san inda sharar za ta kwana. Ku rubuta wa GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta jiha, takarda da sa hannun mai unguwa, ku nemi mota ta zo a ranar. In ba ta samu ba, ku yi karo-karo ku ɗauki tifa. Daga kwari zuwa cikin mota, kada ta kwana a gaɓa.

Sannan lokacin ma bai yi ba. Aikin kwari na rani ne, Maris ko Afrilu, kafin ruwan farko, sa'ad da shara ta bushe ba nauyi. Kuma ku tuna yadda garin nan yake zaune: tudu a yamma, gangare zuwa gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizaya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine suka cinye filayen da ke shanye ruwa, duk ruwan kwano a kwari yake ƙarewa. Mu da muka ga ambaliyar Agustan 2004, muka yi jana'izar maƙwabta, ba ma wasa da hadari. In kuna ciki kuka ga gari ya haɗa, ku fito, ko da a kanku ba a ɗiga ba. Ruwan da aka yi can kan tudu shi ke cin mutum.

Maman Biyu, Pantami:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ku maza ba ku gani. Wa ke zubar da sharar? Mu ne muke ba almajiri ko yaran gida bokiti mu ce a kai bola, ba mu tambayar ina aka kai. Wasu ma jira suke hadari ya taso su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, don layinmu babu inda za a zuba.

Abin da ya gyara mana: gidaje 12 muka haɗa kuɗi duk mako muna biyan mai baro, yana zagayowa Litinin da Alhamis. Maganar kuma a Islamiyyar matan aure aka fara ta, ba a majalisa ba. Ku shiga gida-gida tukuna, Ɗan Bolari, har layukan da ke samanku.

Mai Jari Bola:

Yallaɓai, da kun kira mu da tsibin nan ya ragu tun a ranar. Gorar ruwa da ta lemo, fasassun bokitai, gwangwani, ƙarfe, duk a kan kilo muke saye. Ku ware su a buhu daban, kuɗin ya rage muku na tifa. Kunzugu da jiƙaƙƙiyar leda kam ba mai so.

Kuma don Allah a daina shiga da silifas. Akwai fasasshiyar kwalba da allurar asibiti a ciki, ni na sani a ƙafata. A sa takalmin ruwa da safar hannu. Yara ƙanana kuma a hana su shiga ruwan da ya kwanta, nan ake kwasar tsargiya. Kada ku ce za ku ƙona, hayaƙin roba a tsakiyar unguwa masu asma ne za su sha wuya.

Ɗan Bolari:

Na gode ƙwarai. Baba, wallahi maganar mota ko a ranmu ba ta zo ba, hoton ne a gabanmu. Na je wurin mai unguwa jiya bayan la'asar, ya ce in kawo takardar zai sa hannu, zai kuma roƙi liman ya taɓo batun ranar Juma'a. Babban aikin mun ɗaga shi sai rani, yanzu bakin kwalbatin kawai za mu riƙa buɗewa, saboda gidan dattijuwar nan.

Hajiya Maman Biyu, nawa kowane gida ke bayarwa a mako? Kuma shi mai baron naku, kun taɓa binsa kun ga inda yake juyewa?