Tafiyar tukuicin diloli: Barcelona ko Santambul?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum. Hukumar kamfani ta amince da tafiyar tukuici ta bana: diloli 20 da suka fi sayar da kaya, kwana biyar, a birnin Turai mai tashar jiragen ruwa, domin Shugaba yana so a haɗa da ziyarar tasha da liyafar dare a kan ruwa. A zaman jiya Manajan Talla ya ce in ba Barcelona ba, tafiyar ba ta amsa sunan tukuici ba. Hajiya Ma'aji ta ƙi yarda. A ƙarasa maganar a nan kafin Litinin.

Manajan Talla: Wa alaikumus salam. Har yanzu ina kan bakata. Amfanin wannan tafiya shi ne dilan da bai samu shiga bana ba ya ga hotuna, ya ɗaura ɗamarar baɗi. Wane suna ne yaron shago a Kantin Kwari ko Singa zai ji ya zabura? Barcelona, ko don ƙwallo. Kuma garin ya ƙware a karɓar baƙi. Tun da suka gyara bakin tekunsu saboda gasar Olamfik ta 1992, tasha da otal-otal da wuraren taro duk suna kusa da juna. A kai su filin Camp Nou da safe, da dare a ci abinci a jirgin ruwa. Me ya fi wannan?

Ma'aji: Yallaɓai, ban musanta kyan garin ba. Tambayata ita ce mutum nawa za su isa. Sifaniya tana cikin Shengen, rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya. Kuɗin biza Yuro 90 ne kan kowane mutum tun Yunin 2024, ban da ladan ofishin karɓar takardu, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000. In aka hana mutum, ko sisi ba a mayar masa daga kuɗin bizar. A 2024 sama da kashi 40 cikin ɗari na takardun da aka shigar daga Najeriya an yi watsi da su. Yawancin dilolinmu fasfonsu hatimin Saudiyya ne kawai a ciki, wasu da na Sin. Ka kira dattijo gaban jama'a, ka miƙa masa kambu, ka ce ya shirya jaka, sannan ofishin jakadanci ya dawo masa da fasfo babu komai. Wannan abin kunya kamfani zai ɗora wa, ba Sifaniya ba.

Wakilin Diloli: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Ni bari in faɗi abin da mutanena za su tambaya tun kafin a tashi: me za mu ci, ina za mu yi salla. A Barcelona akwai abincin halal a unguwar Raval, inda 'yan Pakistan da Maroko suke da yawa, amma otal ɗin da za a sauke mu naman alade da giya ne a kan teburinsa, sai an yi ta bin ma'aikata da tambaya. Garin kuma ba shi da babban masallaci, sai ƙananan wuraren salla a ƙasan gine-gine. Mu je Santambul. Kiran salla a kunnenka yake, abinci ka ci hankali kwance, ga ƙabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a Eyup, ga kayan tarihin Manzon Allah (SAW) a fadar Topkapi.

Manajan Talla: Ranka ya daɗe Alhaji, an ce Turai. Santambul ai Turkiyya ce.

Jami'ar Kula da Ma'aikata: A nan kam Yallaɓai ba ka da gaskiya. Mashigin Bosforus ne ya raba garin biyu, kuma tsohon birnin gaba ɗaya a ɓangaren Turai yake: Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, masallacin Sultan Ahmad, Topkapi, babbar kasuwar nan mai rufi, har da sabon filin jirgin sama da aka buɗe a 2018. Tashar Galataport ma a nan take. Liyafar kan ruwa da Shugaba yake so, a Bosforus kana cin abinci nahiya biyu suna gefe da gefenka.

Manajan Talla: Na karɓi gyara a kan taswira, Hajiya, amma asalin damuwata tana nan. Da yawa daga cikin mutanen nan sun san Laleli da Merter, can 'yan kasuwarmu suke sarin tufafi. In muka kai su, rana ta biyu rabinsu sun zame daga shiri sun tafi neman kaya da masu kago. Kamfani ya biya kuɗin jirgin fatauci kenan. Kuma ku duba wani abu: ga ɗan kasuwa, bizar Shengen da aka yi tafiya da ita aka dawo kan lokaci kyauta ce mai zaman kanta, domin tana sauƙaƙa masa neman ta gaba. Doka ta yarda a shigar da takardu tun saura wata shida. Da wasiƙar kamfani, da otal da aka biya, da takardun banki da rajistar kasuwanci, lissafin da Ma'aji ta kawo ba lallai ya hau kan mutanenmu ba. Wancan lissafin ya haɗa da duk wanda ya nema.

Ma'aji: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Kuma kada a ɗauka bizar Turkiyya a tafin hannu take, ita ma nema ake yi, ana kuma hana mutane. Sai dai yadda samun Shengen yake zama tarihi mai kyau, haka hanawar ma take zama a rumbun bayanansu shekara biyar, kowace ƙasa a cikinsu tana gani. Wanda bai taɓa nema ba, mu ne za mu jawo masa.

Jami'in Shigo da Kaya: In har tasha ake son gani da gaske, Rotadam ta ƙasar Holan ce mafi girma a Turai, sai Antwaf ta ƙasar Beljiyam, wadda daga cikinta motocin da muke kira Beljiyam suka samo suna. Dila ya ga yadda kwantena take tafiya, gani ya kori ji.

Wakilin Diloli: Ɗana, wannan aiki ne, ku je da ma'aikatanku. Mu hutu aka yi mana alkawari.

Manajan Shiyyar Sakkwato: Ni ina da ta uku. In Sifaniyar ce dole, me ya sa ba Malaga ba? Ita ma bakin teku ce mai tasha, ganuwar Alkasaba da Musulmin Andalus suka gina tana tsakiyar gari. Ƙurɗuba kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa mai gudu, Garnaɗa da fadar Alhambra, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492, tafiyar yini ce a je a dawo. Dattawanmu da suka ji sunayen nan a zauren karatu za su fi jin daɗinsu a kan filin ƙwallo. Barcelona kuwa mazaunanta sun gaji da baƙi. A Yulin 2024 masu zanga-zanga sun riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa a wuraren cin abinci, magajin garin Jaume Collboni kuma tun a Yunin shekarar ya sanar zai soke lasisin gidajen haya na baƙi kusan 10,000 zuwa 2028. Ga 'yan sane a titin Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutum 20 da manyan riguna, kowa da waya biyu, ba sa ɓoyuwa.

Manajan Talla: Zanga-zangar ta tsadar gidajen haya ce, ba da wanda ya sauka a otal ake ba. 'Yan sane kuma a ja kunnen mutane, a ajiye fasfo a otal. Malaga ba ta raba mu da matsalar biza ba, ta dai rage mana sunan da za mu yi talla da shi.

Manajan Shiyyar Sakkwato: Haka ne, bizar ɗaya ce. Amma tukuicin na dilan ne ko na hoton talla?

Manajan Talla: Na duka biyun. Da kuɗin sashen talla za a yi tafiyar, dole in nuna abin da ta dawo da shi.

Sakataren Kwamiti: To ga abin da zan kai wa Shugaba. Gobe kowane dila ya turo hoton shafukan fasfonsa masu hatimi da ranar ƙarewarsa. In akasarinsu suna da tarihin tafiya, Barcelona da Malaga suna nan, amma a kauce wa ƙarshen Fabrairu da farkon Maris, lokacin babban taron wayoyin salula na Barcelona, da otal ke tsada. In ba su da shi, Santambul. Hajiya Ma'aji ta nemo farashin ukun.

Manajan Talla: A rubuta cewa ni Barcelona na zaɓa, ko me fasfon ya nuna.

Wakilin Diloli: A rubuta. Kuma kafin Hajiya ta nemo farashi, a cikin 20 ɗin nan akwai mata uku. Biyu sun gaya mini ba za su tafi ba sai da muharrami. Kamfani zai ɗauki nauyinsu ne, ko su za su biya? A ba ni amsa yau, domin sun ce in kira su bayan Isha.